Ciwon wuya da sagewar hannu: Gyara kan kekenka kafin ka jingine shi

Mai karatu, tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya zama abin da magidanci ke kwana da shi a rai. A Jos, inda aka hana acaɓa a cikin gari tun zamanin Gwamna Jonah Jang, wanda ba shi da motar kansa sai dai tasi, ko Keke Napep, ko kuma ƙafa. Shi ya sa wasu suka koma ga tsohon abokin tafiya, wato keken hawa mai taya biyu. In kana zaune a Anguwan Rukuba, ba mamaki kai ma ka kakkaɓe wanda ke rataye a gida, ko ka sayi na hannu don zuwa Taminus, ko kasuwar Farin Gada, ko Jami'ar Jos, ko kuma ka saya wa yaro don zuwa makaranta.

Sai dai ga abin da kan biyo baya. Mako biyu ko uku da fara hawa, ƙeya ta riƙe, kafaɗu sun yi tsami, ƙugu na ciwo, in ka sauka yatsun hannu sun sage kamar ana tsira musu allura. Daga nan sai a ce ai girma ne ya zo, ko kuma keke ba na kowa ba ne. A jingine shi a bango, kuɗin da aka kashe ya tafi a banza, a koma biyan kuɗin mota.

Sau da yawa laifin ba na shekarunka ba ne, ba kuma na hawan keke ba. Keken ne bai yi daidai da jikinka ba, musamman kansa, wato ƙarfen nan da kake riƙewa kana juya shi. Wannan gyara ne da za a iya yi cikin yini guda. Amma yana da sharaɗi: duk wanda ya taɓa kan keke ya taɓa wayoyin birki da na giya, kuma a gari mai gangara irin Jos, wayar birki ba abin wasa ba ce.

Me ya sa hannu ke sagewa?

Nauyin mai hawan keke a wuri uku yake sauka: sirdi, feda, da kan keke. Idan kan ya yi ƙasa da yawa, ko ya yi maka nisa, dole ka sunkuya ka miƙe hannuwa, sai nauyin da ya kamata sirdi ya ɗauka ya koma tafin hannu. Ga kuma kai a ɗage don ka ga hanya, abin da ke sa naman wuya aiki ba hutu.

Akwai manyan jijiyoyin ji guda biyu da ke ratsa wuyan hannu su shiga tafi. Ɗaya tana bi ta gefen ƙaramin yatsa. In aka danne ta na tsawon lokaci, ƙaramin yatsa da rabin yatsan zobe ne ke sagewa, wani lokaci har riƙon biro ko ɓalle maɓallin riga ya yi wuya. Likitoci sun daɗe da sanin wannan matsala a wurin masu tseren keke. Ɗayar kuma tana bi ta tsakiyar wuyan hannu, ita ce ke ba babban yatsa da manuniya da na tsakiya ji. Ita kuma abin da ke takura ta shi ne lanƙwasa wuyan hannu baya, kamar yadda ake yi idan hannun birki ya ɗaga sama da yawa.

Ƙara da girgizar hanya. Kwalta mai ramuka da lungunan da ruwa ya zaizaye duk suna aika duka ta tayar gaba zuwa tafin hannu. In gwiwar hannunka a miƙe take sanƙarau, dukan kai-tsaye zai wuce kafaɗa da wuya. Sannan Jos na bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, sanyin Disamba da Janairu kuma ba sai an gaya maka ba. Hannun da sanyi ya kama ya fi saurin sagewa, kuma ba ya matsa birki da ƙarfi.

Ba don jikinka aka ƙera shi ba

Dattawa za su tuna kekunan Raleigh da Phoenix masu birkin sanda. Kansu a lanƙwashe yake zuwa wajen mai hawa, mutum yana zaune kusan a miƙe, babbar riga a jiki, buhun masara a kariya. Suna da nauyi, ba su da giya, hawan tudu da su sai an sauka an tura, amma ba kasafai suke karya wuya ba. Irin wannan zama ne har gobe mutanen ƙasar Holan ke yi a kekunansu na zuwa aiki da kasuwa.

Kekunan da suka cika kasuwa yanzu yawancinsu na hannu ne daga Turai da Amurka da Asiya. Wasu na tsere ne, masu kai a murɗe kamar ƙahon rago, an yi su ne don mai hawa ya kwanta ya tsaga iska. Wasu na hawan duwatsu ne, masu miƙaƙƙen kai mai faɗi. Suna da giya, wanda alheri ne babba ga mai hawa tudun Jos, amma an yi su ne don wasa, kuma wani ne can ya saya daidai tsawonsa. Kai kuwa wanda kuɗinka ya kai ka ɗauka. Don haka ba abin mamaki ba ne in jikinka ya yi ƙorafi.

Fara da abin da ba ya cin kuɗi

Kada ka yi gaggawar sayen sabon kai. Fara da sirdi, domin shi ne tushen zama. Jingina keken kusa da bango, ka hau, ka ɗora diddigenka a kan feda lokacin da take can ƙasa. Ƙafarka ta miƙe ba tare da ƙugunka ya karkace ba. Idan ka mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar, za ka ga gwiwa ta ɗan lanƙwashe kaɗan, to haka ake so. Sirdin da ya yi ƙasa yana cin gwiwa, wanda ya yi sama kuma yana sa ƙugu rawa.

Duba kuma kwanciyar sirdin. In bakinsa ya kalli ƙasa, za ka riƙa zamewa gaba kana tokare kanka da hannu, kuma wannan kaɗai ya isa ya sage maka yatsu. In ya kalli sama, zai danne gaba, abin da ke jawo sagewa a wurin ga maza da mata. A bar shi a kwance daidai.

Sai hannun birki. Zauna kamar kana tafiya, ka miƙa yatsunka. Hannun birkin ya faɗo daidai inda yatsun suka sauka, wuyan hannu a miƙe yake da sauran hannun, bai karye sama ko ƙasa ba. Noti ɗaya ake sassautawa a juya shi. Robar riƙo da ta cinye ko ta ƙandare a sauya ta. In ana sanyi ka sa safar hannu. Kuma ka saba da barin gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, kana sauya riƙo jefi-jefi. Mutane da yawa a nan matsalarsu ke ƙarewa.

In dole sai an ɗaga ko an sauya

Ƙarfen da ke riƙe da kan, wanda za mu kira wuyan keke, iri biyu ne. Tsohon yayi yana da noti guda a samansa. In aka sassauta shi aka ɗan buga, wuyan zai iya hawa sama. Amma a jikinsa akwai layi da aka zana, alamar iyakar inda za a iya zaro shi. Kada ka yarda layin nan ya fito fili. Wuyan da aka zaro fiye da kima yana iya karyewa ko ya fice ana cikin gudu. Irin wannan layi yana jikin sandar sirdi ma. Sabon yayi kuwa, wanda ke damƙe da notuna biyu a gefe, ba ya hawa da sassautawa. Sai dai a kifa shi ya kalli sama, ko a sauya jerin zobban da ke ƙarƙashinsa, ko a sayi gajere mai ɗagawa.

Idan wannan bai wadatar ba, to sai sauya kan gaba ɗaya, a sa mai ɗan tudu wanda ƙarshensa ya lanƙwaso baya. Irin wannan yana barin hannu ya zauna kusan yadda yake in za ka gaisa da mutum, ya kuma kusanto da riƙo zuwa jikinka. Ga abin da za ka kula da shi kafin ka biya kuɗi.

Na farko, kaurin tsakiya. Inda wuya ke damƙe kan ba awo ɗaya ba ne a duk kekuna. An fi samun milimita 25.4 da 26 da kuma 31.8. Tafi da keken ko tsohon kan kasuwa a gwada. In aka ce maka za a cusa guntun roba ko kwali a cike gibi, ka ce a'a. Kan da ya juya a hannunka lokacin da ka danna birki a gangara, faɗuwa ce ta fuska.

Na biyu, kaurin wurin riƙo. Miƙaƙƙen kai da mai lanƙwasowa baya suna da milimita 22.2, na tsere mai ƙahon rago kuma 23.8. Ma'ana, hannun birki da abin sauya giya na keken tsere ba za su zauna a sabon kan ba. Sai ka sayi wasu. Sanya wannan a lissafinka tun farko.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, ba kowane hannun birki ne ke aiki da kowane birki ba. Birkin nan mai dogayen hannuwa biyu a tsaye, wanda ya fi yawa a kekunan hawan duwatsu, yana bukatar hannun da ke jan waya da yawa. Birkin keken tsere mai kama da almakashi kuma yana bukatar wanda ke jan waya kaɗan. In aka haɗa su a karkace, ko dai hannun birkin ya taɓo robar riƙo tun keke bai tsaya ba, ko kuma ya yi tauri amma ba ya kamawa. Tambayi mai gyara kai-tsaye ko sun dace.

Na huɗu, abin sauya giya mai ƙas-ƙas dole lambarsa ta yi daidai da yawan jerin haƙoran tayar baya. Mai bakwai na bakwai ne, mai takwas na takwas. In ba a samu daidai ba, akwai tsohon yayi marar ƙas-ƙas, wanda kai ne ke lallaɓa shi har sarƙa ta hau. Ba ya zaɓen giya, yana da araha, kuma ba ya saurin lalacewa.

Mai keken birkin sanda kuwa, kai da birki a haɗe suke. In an ɗaga kan, dole a sake daidaita sandunan. Ba a sa masa kan keken zamani sai an sauya birkin dungurungum.

Wayoyi: rabin aikin da ake mantawa

Da zarar kai ya hau sama ko ya matso baya, tazarar da ke tsakanin hannunka da birki ta ƙaru. Tsofaffin wayoyi an yanka su ne daidai tsohon zama. Nan ne masu neman sauƙi ke cewa ai za su kai. To, araha ba ta ado. Wayar da ta yi gajarta, in ka juya kan sosai sai ta ja kanta: birki ya kama ba kai ka matsa ba, ko giya ta sauya, ko rigar wayar ta fice daga mazauninta ka rasa birkin gaba ɗaya. Wadda ta yi tsawo da yawa kuma tana lilo, tana kama kaya ko fitila, kuma tana sa birki laushi.

Gwajin mai sauƙi ne. Kafin a yanka, a ɗora rigar wayar a mazauninta, a juya kan har ƙarshe ta dama, a juya har ƙarshe ta hagu. Ta bi a sake, ba ta ɗame ba, ba ta karye ba. Tafiyarta ta zama baka mai laushi, domin duk inda waya ta yi kwana mai kaifi, a nan take cijewa, kuma a nan za ta fara tsinkewa. Wayar giya ta fi birki rashin haƙuri da wannan. Ɗan cijewa kaɗan ya isa ya sa sarƙa ta riƙa tsalle tana ƙara, daidai lokacin da ka tashi tsaye kana fama da tudu.

Ga wani abin da masu keke da yawa ba su sani ba. Rigar wayar birki daban, ta giya daban, ko da yake a ido sun yi kama. Ta birki ta fi kauri, kimanin milimita 5, kuma ƙarfen cikinta a nannaɗe yake kamar sifirin, don ya jure matsa mai ƙarfi. Ta giya galibi milimita 4 ce, siraran wayoyin cikinta a miƙe suke bisa tsawonta. In aka sa ta giya a birki, tana iya fashewa ranar da ka matsa da dukkan ƙarfinka, wato ranar da ka fi bukatarta. Wayar ciki ma haka: ta birki ta fi kauri, kuma kan da ke maƙale ta daban ne. Tsaya ka ga abin da ake sa maka.

A yanke rigar da abin yanka mai kaifi, a buɗe bakin in ya matse, a sa mata hularta ta ƙarfe. A shafa wa wayar ciki ɗan mai. Ƙarshen wayar da ya rage a toshe shi da 'yar hula don kada ya warware, domin zaren ƙarfen yana soke yatsa, musamman na yara masu wasa da keke a tsakar gida. Wayar da ta yi tsatsa ko zare ɗaya ya tsinke, lokacin sauya ta ya yi. Damina a Jos tana da tsawo, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, ruwa kuma yana shiga rigar waya ya kwanta. Duba su a farkon damina da ƙarshenta.

Sannan ka san wane hannu ne ke riƙe wace taya. Kekunan Ingila galibi hannun dama ne birkin gaba, na Amurka da yawancin Turai kuma hagu ne. Tunda kekunanmu daga ko'ina suke zuwa, gaya wa mai gyara ya bar maka yadda ka saba. In gidanku ana musayar keke, kowa ya sani.

Kada a wuce gona da iri

Zama a miƙe sak ma yana da nasa farashin. Nauyi zai koma sirdi, don haka siririn sirdin tsere zai fara cin ka, sai ka nemi mai ɗan faɗi. A hawan tudu tayar gaba takan yi sauƙi har ta so ɗagawa, musamman in akwai kaya a kariya. Iska ma za ta fi tare ka. Abin da ake nema shi ne tsaka-tsaki: bayanka ya ɗan karkata gaba, kafaɗu a sake, ka ga hanya ba tare da ɗage kai ba. Ga mai zirga-zirgar yau da kullum, kan da ya yi daidai da tsayin sirdi ko ya ɗan fi shi yakan wadatar.

Sauya abu ɗaya a lokaci guda, ka hau na kwana uku ko huɗu, ka ji abin da jikinka zai ce. Bayan gyara kuma kada ka fara da gangara. Tsaya gaban keken, ka matse tayar gaba tsakanin gwiwoyinka, ka gwada murɗa kan. In ya motsa, a ƙara ɗaurewa. Matsa kowane birki da ƙarfi sau da yawa. Zaga a fili, ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya. Sabuwar waya takan saki bayan 'yan kwanaki, don haka ka koma a sake ja maka ita.

Yara da iyaye mata

Iyaye kan sayi keken da ya fi ƙarfin yaro da nufin zai girma ya same shi. Kafin ya girma fa? Yaron da ke miƙewa kafin ya kamo kai, yatsunsa ba sa kaiwa ga birki, shi ne ke tsayar da keke da silifas. Yawancin hannayen birki suna da ɗan ƙaramin noti da ke matso da su kusa da robar riƙo. A ɗaure shi har yatsun yaro su kama ba tare da ya saki riƙo ba. Haka ma ga matan da hannunsu ke da ƙanƙanta. Duba ƙarshen kan keken yaro: in robar ta yage ƙarfe ya fito, a toshe shi yau, domin in ya faɗi a kansa yana iya yi masa mummunan rauni a ciki. Hular kwano kuma ta zama dole, ga yaro da babba.

Yaushe za ka ga likita?

Sagewar da keke ya jawo takan tafi bayan ka sauka ka huta. In ta kwana, ko ta ɗauki kwanaki, ko ka ga riƙonka ya yi rauni, abu na faɗuwa daga hannunka, to ajiye keken ka je asibiti. Haka in ciwon wuya yana sauka har hannu, ko sagewar tana tashe ka cikin dare, ko tana kama ƙafafu ma, domin ciwon suga da matsalar ƙashin wuya suna zuwa da irin wannan alama. Idan kuwa ɓari guda na jiki ya mutu farat ɗaya, baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, wannan ba zancen keke ba ne. Alamar shanyewar ɓarin jiki ce, a garzaya asibiti nan take, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo ko wanda ya fi kusa. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya shawarci likitansa kafin ya fara kokawa da tudu.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, yara da matasa kuma awa guda a kullum. Minti goma sha biyar zuwa, goma sha biyar dawowa, kwana biyar a mako, ka cika minti 150 ba tare da ka biya kowa ba, ga kuɗin mota ya zauna a aljihu. Amma keken da ke sa ka ciwo ba za ka daɗe kana hawansa ba. Kai shi wurin mai gyara a ƙarshen makon nan, ka hau a gabansa ya ga zamanka, kuma kada ka bar wurin sai an juya kan dama da hagu ka ga wayoyin sun bi lafiya.